Jegon Gimbiya

Bahaushe bai san ɓera a matsayin abin kiwo ba. Wanda ya sani shi ne mai huda buhun hatsi, mai cin tufafin da aka adana a adaka, mai sa a kwana ana jin ƙaraf-ƙaraf a bayan randa. Harshen ma ya nuna haka, domin idan aka ce yaro ya zama ɓera, ana nufin ya fara ɗauke-ɗauke ne. Ko a karin maganar da ta yi kamar za ta kare shi, wato in ɓera da sata daddawa ma da wari, ba a wanke shi ba, raba laifin kawai aka yi. Akwai kusu, akwai gafiya, akwai jaɓa wadda ma ba danginsu ba ce sai dai kama, kuma duk cikinsu babu wanda ake yi wa maraba. Dabba guda da ake kira da sunan ɓera kuma yara su kiwata ita ce ɓeran Masar, shi kuwa sunan kawai ya ara.

Saboda haka ranar da wata matashiyar malamar kimiyya ta shigo gidan da take haya a Tudun Wadan Zariya ɗauke da kejin kanari, cikinsa da fararen ɓeraye biyu masu jajayen idanu, ba abin mamaki ba ne da Hajiya mai gidan ta ajiye tsintsiya ta tsaya tana kallonta. Malamar ba ta daɗe da gama kwalejin ilimi ba, kuma tana koyar da 'yan ƙaramar sakandare. Ta gaji da zana dabbobi masu shayarwa a allo da alli, sai ta je gidan kiwon dabbobin gwaji na wata jami'a ta sayo mata biyu daga albashinta, don yara su ga abin da ake faɗa musu da idonsu. Yaran suka raɗa wa babbar suna Gimbiya, saboda yadda take zama ta ɗaga hannu biyu tana wanke fuska, ƙaramar kuwa suka ce Ƙanwa. Da hutun watan Disamba ya zo, babu mai ba su abinci a makaranta, dole ta taho da su gida.

Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, mu muna neman maganinsu, ke kina ba su tuwo?"

Malama ta ce, "Hajiya, waɗannan ba irin na rumbu ba ne. Mako uku kawai za su yi."

Gaskiya ta faɗa a kan kashin farko na maganarta. Farin ɓera irin wanda ake gani a ɗakunan gwaje-gwaje ya fito ne daga jinsin da masana ke kira Rattus norvegicus, amma an daɗe ana kiwonsa a hannun mutane har halinsa ya bambanta da na ɗan'uwansa na kwata. A Landan ta ƙarni na 19 an yi wani mashahurin mai kama ɓeraye, Jack Black, wanda kan ware masu launi na daban ya hora su ya sayar wa masu sha'awa. A 1906 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ta fara kiwon fararen ɓeraye bisa tsari domin bincike, kuma zuriyarsu ce ta bazu a jami'o'in duniya, har da namu. A Ingila kuwa masu kiwonsu don sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1976, suna kai su gasar kyau kamar yadda ake kai dawaki. A can, yaro ya ɗora ɓera a kafaɗa ba labari ba ne. A kashi na biyu na maganar ne Malama ta yi kuskure, domin ba ta san Gimbiya ta zo da ciki ba.

Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne kacal, kuma ba ya fitowa sosai sai a makon ƙarshe. Malama ta lura Gimbiya ta yi ƙiba daga tsakiya, kamar an cusa mata ƙwallo, ta kuma lura ta fara yayyaga duk takardar da ta samu tana tarawa a kusurwa, amma ta ɗauka daɗin abinci ne da sanyi. Wata asuba ta ji wani siririn kuka kamar na 'yan tsaki daga nesa. Ta haska tocila, sai ga wasu jajayen abubuwa suna motsi a ƙarƙashin Gimbiya, kowanne bai wuce rabin ɗan yatsa ba. Ta ƙirga goma sha ɗaya.

Jinjirin ɓera yana zuwa duniya a cikin rauni matuƙa. Nauyinsa giram 5 zuwa 6, ba gashi ko ɗaya, ido a rufe, kunne a manne da kai. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ba ya ma iya fitsari ko kashi sai uwa ta lashe masa mara. Fatarsa kuwa ta yi siranta har ana hango nonon da ya sha, wani farin tabo a gefen ciki. Wannan tabon shi ne abin da mai kiwo ke dubawa, domin in yana nan, uwa na shayarwa, babu sauran abin da ake buƙata daga gare shi.

Kejin kanari bai dace da wannan hali ba ko kaɗan. Ƙasansa waya ce, iska na shiga ta ƙasa, ƙafar jinjiri na iya maƙalewa. Tsakanin sandunansa akwai faɗin da ɗan ɓera zai zurara ya faɗo, kuma yana da wani ɗan bene da uwa za ta iya hawa da ɗa manne a nono ya suɓuce. Malama ta gane haka da kanta, sai ta sayo babbar robar ajiyar kaya mai zurfi, ta kai murfin wurin kafinta ya yanke tsakiyarsa ya kafa ragar waya mai ƙananan idanu, don iska ta shiga sosai. Ta bar Ƙanwa a kejin, ta ajiye shi kusa da robar yadda za su riƙa jin ƙanshin juna, domin ɓera dabba ce mai son zaman tare. Ta sa kwalbar ruwa mai bututu a maimakon kwano, wanda shi ma daidai ne, saboda 'ya'ya in sun fara rarrafe sukan faɗa kwanon ruwa su mutu. Har nan duk abin da ta yi, ta yi shi da kyau.

Inda ta ɓata shi ne wajen ƙaura. Ta dubi sheƙar da Gimbiya ta gina, ta ga takardun sun yi jini sun yi datti, sai ta ji ƙyama, ta kwashe ta zubar. Ta shimfiɗa sabon garin katako da ta roƙo daga kafinta, ta ɗora farar auduga mai laushi, ta jera jariran a kai ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera ƙwai a tire, sannan ta saki uwar. Daga nan kuma ta kasa haƙuri, duk bayan ɗan lokaci sai ta buɗe murfi ta haska, yaran gidan ma suka yi ta shigowa kallo.

Gimbiya ba ta kwanta a kan audugar ba. Ta ɗauki ɗa a baki ta kai wannan kusurwa, ta dawo ta ɗauki wani ta kai waccan, ta koma ta kwaso na farko. Haka ta kwana tana jigila, ga dare na hunturu, irin wanda sanyin Zariya kan sauka ƙasa da digiri 15. Da gari ya waye, tara suna tare a kusurwa guda a ƙarƙashinta. Ɗaya yana can gefe ya sandare. Na goma sha ɗayan kuwa rabinsa kawai aka gani.

Malama ta zauna a bakin katifa ta yi shiru. Abin da ya fara zo mata shi ne ta rabu da su gaba ɗaya, tun da ga shi dabbar ta nuna halin da ake faɗa a kanta. Ta kira dattijon da ke kula da dabbobi a inda ta sayo su, ta faɗa masa duk abin da ya faru. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Malama, ina tsohuwar sheƙar?" Ta ce ta zubar. Ya ce, "To, ai ke kika rushe mata gida." Ya bayyana mata cewa ɓera da hanci take gane wurinta, kuma in za a sauya mata mazauni a irin wannan lokaci, sai a ɗauki sheƙar ɗungurungum da dattinta a kai sabon wuri. Ya ce ta cire audugar nan take, domin zarenta kan naɗe ƙafar jinjiri ya datse jini har ƙafar ta lalace. Garin katakon ma ta kwashe a hankali daga inda babu 'ya'yan, saboda ƙurarsa na shiga hanci, ga shi ba a san irin itacen ba, kuma huhu shi ne lagon ɓera. Ta zuba yayyagaggiyar takarda mara tawada da tishu mai yawa, ta sa ƙaramin kwali mai ƙofa, ta rufe rabin murfin da zane, sannan ta janye hannunta. Game da wanda aka cinye, ya ce galibi wanda ya riga ya mutu ne uwa ke ci, ko wanda ya yi raunin da ba zai rayu ba, kuma a daji hakan na hana wari ya jawo maƙiyi zuwa sheƙa.

Abin da ba a zata ba shi ne Hajiya. Ta ji labarin daga bakin jikokinta, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki, ba ta shiga ba. Ita mace ce da ta haifi tara, ta kuma yi wa mata da yawa zaman jego a unguwa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana tayar wa mai jego da ɗaki? Ko mutum ce, ki kwashe mata shimfiɗa ki tara mata jama'a a ka, nono ma sai ya ɗauke." Daga ranar ta kafa doka, ba yaron da zai ƙara taka ɗakin, magenta kuma ta sa aka riƙa kulle ta a kicin da dare. Ita ce ma ta ce a ɗora robar a kan tebur, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa, saboda cinnaka da kwarkwasa. Wannan dabara babu ita a littattafan masu kiwon Ingila, amma a ƙasarmu tururuwa na iya gamawa da jarirai marasa gashi a dare guda.

Ba don ta daina ƙin ɓera ta yi haka ba. Da wani maƙwabci ya tuna mata cewa ɓera na cikin halittu biyar da hadisi ya halatta kashewa, sai ta ce ta sani, kuma na ɗakin girkinta ba ta fasa ɗana musu tarko ba. Amma ta ce ta kuma san labarin matar da ta tsare mage ba ci ba sha, saboda haka wanda ka kulle da hannunka, haƙƙinsa na wuyanka. Maƙwabcin ya koma kan zazzaɓin Lasa, kuma a nan tsoronsa yana da tushe. An fara gano cutar a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Barno ta yau, kuma a lokacin rani ta fi tashi. Sai dai wanda aka fi sani da ɗaukar ta shi ne wani ƙaramin ɓeran gida da gona, Mastomys natalensis, mai yawan nonuwa, wanda ba jinsi ɗaya suke da Gimbiya ba. Kama da wane ba ta wane. Duk da haka Malama ba ta yi sakaci ba. Ta adana abincinsu a gwangwani mai murfi don kada na daji su zo su yi fitsari a ciki, ta toshe ramin da ke bayan ƙofa, kuma ba ta taɓa su sai ta wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Ɓeran kiwo ma yana iya ɗaukar cuta. A 2017 hukumomin lafiya na Amurka sun bi diddigin ɓullar ƙwayar cutar da ake kira Seoul a tsakanin masu kiwon ɓeraye a gida, kuma cizonsa kan jawo wani zazzaɓi da ke buƙatar magani.

Cikin awa guda da samun kwali, Gimbiya ta kwashe 'ya'yanta tara ta shige da su, ta toshe ƙofar da tishu. Kwana uku Malama ba ta ga komai ba sai farin hanci da ke leƙowa ya ja abinci ya koma. Aikinta ya koma abu biyu, abinci da ruwa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Uwa mai shayarwa takan ci ninki biyu ko uku na abin da ta saba, ruwan kwalba kuwa kan ƙare kafin a ankara. Tana da nonuwa goma sha biyu, saboda haka tara ba su fi ƙarfinta ba, amma jikinta ne ke biya. Malama ta riƙa ba ta dunƙulallen abincin da ta sayo tare da su, ta ƙara da dafaffen ƙwai, da ɗan busasshen kifi mara gishiri, da dafaffen wake, da gero, da yankan karas da kabeji. Hajiya ta kawo shawarar kunun kanwa, aka yi dariya aka bar ta a nan, amma ƙwan kullum daga kajinta yake fitowa. Wajen shara, gurbin da uwa ke fitsari kaɗai ake kwashewa, domin warin fitsari in ya taru a roba yana cutar da numfashinsu. Kwalin kuwa ba a taɓa shi ba har mako ya zagayo.

A rana ta huɗu, lokacin da Gimbiya ta fito cin ƙwai, Malama ta ɗaga kwalin a hankali ta duba. Tara, a curkuɗe wuri guda, kowanne da farin tabonsa a ciki. Ta mayar da kwalin kafin uwa ta gama. Daga nan ta mai da shi al'ada, sau ɗaya a rana, minti biyu, kuma ta buɗe littafi tana rubuta abin da ta gani. Masu kiwo sun tabbatar da cewa uwar da ta saba da hannun mutum ba ta ƙin ɗanta don an taɓa shi. Abin da ba ta jurewa shi ne hargitsi.

A cikin wannan leƙe ne Malama ta lura da yawan lasar da Gimbiya ke yi wa 'ya'yan. Takan riƙe ɗa da hannu biyu ta juya shi ta lashe shi tun daga kai har wutsiya, ta ajiye ta ɗauki wani. Wannan ba tsabta kaɗai ba ce. Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill da ke Kanada sun shafe shekaru suna nazarin wannan hali, kuma a 2004 suka wallafa sakamakon da ya yi fice. Sun nuna cewa 'ya'yan da uwa ta yawaita lasa a makon farko sukan girma da ƙarancin firgita, jikinsu kuma ya fi saurin komawa daidai bayan tashin hankali. Da aka musanya jarirai tsakanin iyaye, sai suka bi halin wadda ta rene su, ba wadda ta haife su ba. Bai kamata a ɗauki abin da aka gani a ɓera a ɗora wa ɗan Adam kai tsaye ba, amma wanda zai tsaya gaban yara 'yan shekara shida ba zai rasa abin tunani a ciki ba.

Littafin Malama ya ci gaba da cika. Kunnuwa suka ɓalle daga kai a cikin kwanakin farko. Wajen mako guda wani farin gashi mai kama da ƙura ya rufe jan fatar, zuwa kwana goma sun zama farare tas. A kwana na goma sha huɗu na farko ya buɗe ido, sauran suka biyo baya cikin kwana biyu, kuma daga ranar kwali ya daina riƙe su. Suka fara fitowa suna tangaɗi, Gimbiya na bin su tana cafkowa ta ƙeya tana mayarwa, ta mayar da wannan wancan ya fita. Bayan kwana biyu ta haƙura. Suka fara gutsurar abincinta, suka koyi shan ruwa a bututu, suna kokawa suna tsalle kamar gugguru a kasko. A kwana na 21 Malama ta aro ma'aunin ɗakin gwaji ta auna su, kowanne ya haura giram 40, wato ya ninka nauyin haihuwarsa wajen sau takwas. A lokacin ne ta ɗage dokar Hajiya, ta bar jikoki su shigo bibbiyu, su zauna a ƙasa, su wanke hannu, su tallafi ɗan ɓera da tafi biyu. Ta hana ɗauka ta wutsiya, domin fatarta na iya saɓulewa. Wanda aka saba ɗauka a wannan mataki shi ne ke girma ba ya cizo.

Saura matsala guda, kuma ita ce dattijon ya fi ja mata kunne a kai. A ɗakin gwaji ana yaye ɓera a kwana 21, masu kiwon gida kuwa sukan bar su da uwa har mako huɗu zuwa biyar. Amma kada a wuce mako biyar maza na tare da mata, domin daga nan suna iya yi wa 'yan'uwansu ciki, har da uwar. Ita kanta uwar tana iya ɗaukar wani cikin a cikin kwana guda da haihuwa in akwai namiji kusa. Malama ta yi lissafi a bayan littafinta, mata biyar, kowacce ta haifi goma, ta ga hamsin, ta rufe littafin. Bambancewa ba ta yi wuya ba, domin tazarar da ke tsakanin mafitsara da dubura ta fi tsawo a namiji, kuma namijin ɓera ba shi da nonuwa. Ta samu maza huɗu, mata biyar.

Raba su ya fi renonsu wahala. Ta ƙi ba kowa ɗaya tilo, ta ƙi haɗa mace da namiji, ta kuma ƙi ba wanda bai nuna mata mazaunin da ya tanada ba. Ta faɗa wa kowa cewa shekara biyu zuwa uku suke rayuwa, kuma zafin bazara na kashe su, saboda ba sa gumi, sai a nema musu wuri mai inuwa da iska. Wata malama ta karɓi maza biyu don ajinta, wani ɗalibin koyon aikin likitan dabbobi ya ɗauki biyun da suka rage, mata huɗu suka tafi makarantu biyu. Ɗaya ta saura, wadda ta fi kowa ƙanƙanta, aka haɗa ta da uwarta da Ƙanwa a robar, aka mayar da su makaranta. Yaran ajin suka kwafe jadawalin littafin Malama a allo, suka yi gardama mai tsawo a kan ko ya dace a rubuta goma sha ɗaya ko tara a gurbin yawan 'ya'ya. Malama ta ce a rubuta duka biyun, ta kuma faɗa musu dalili, har da nata hannun a ciki.

Gimbiya ta fito daga jego a rame, gashin gefenta ya yi sako-sako, sai da ta yi kusan wata kafin ta murmure. Ranar Litinin ta farko bayan an kwashe robar daga gidan, Malama na ɗaura ɗankwali za ta fita, Hajiya ta kira ta daga bakin murhu, ta miƙa mata wani abu mai ɗumi a ƙunshe a leda.

Malama ta ce, "Hajiya, ai ta yaye su tuni."

Hajiya ta ce, "Na sani. Ki kai mata dai, ba ta gama mai da jiki ba."